A Kan Korar Saratu Saboda Shirunta da Kunyar Uwarta

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ajin Yara Masu Hazaƙa na Wurno, Rabah da Goronyo, da sauran 'yan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku gaisuwar da ta dace da girmanku, ina tambayar lafiyarku da ta iyalanku, da gajiyar hidimar jama'a. Allah ya sa aikin ya zame maku abin sakamako.

Bayan haka, ranka ya daɗe, sunana Hadizatu. A Goronyo nake zaune, ina koya wa matan unguwarmu karatun allo da ɗan abin da ya sauƙaƙa na fiƙihu a tsakar gidana. Bokona a ajin manya na koye shi, in kun ga rubutu ya karkace ku yi mani uzuri. Ni ce gwaggon yara biyu da ke ajinku na kwana, Saratu da ƙanwarta Habsatu, ɗiyan ƙanena Umaru mai noman albasa a bakin madatsar ruwa. Da anka ba da hutun nan, kun aiko da takarda cewa Habsatu ta dawo, Saratu kuwa ta koma makarantarta ta da, an ba wani gurbinta. Na zo ofishinku anka ce kuna taro. Na sake zuwa anka ce kun fita. Na ba da saƙo ta hannun shugaban makaranta, har yau ko amsar sallama ban samu ba, ga shi hutu ya kusa ƙarewa. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Waɗanda sunka san ni sun san ba ni da ɗaga murya. Ɗalibaina ma ƙorafi suke yi wai sai sun matso kusa suke jina. Amma raina ya ɓaci ɓacin da na daɗe ban yi irinsa ba. Zan kiyaye harshena don ina tsoron in ɗora wa wani abin da bai yi ba. Abin da na gani zan ce na gani, abin da anka gaya mani zan ce gaya mani anka yi.

Na ɗaya, abin da ya faru a ƙofa. Wanga ni na gani da idona.

Kafin hutu kun kira abin da kunka ce zaman iyaye, inda za a ji ta bakin iyaye da na yara kafin a yanke wanda zai ci gaba. Umaru ya bi motar albasa zuwa kudu, don haka munka taso ni da Hauwa, uwar yaran. Mun fito da sassafe, mun iso Wurno rana ba ta yi zafi ba. A ƙofa mai gadi ya tsayar da ni. Ya ce an ba shi umurni, uwa ko uban da sunka haifa kawai za su shiga. Na ce mashi ni na riƙe Saratu tun daga yaye, a ɗakina take kwana, ni na kai ta makaranta ranar farko. Dattijo ne mai mutunci, ya gane maganata sarai. Ya ce, "Malama, wallahi na sani, nawa ɗan farin ma a hannun yayata ya girma. Amma in na bar ki, ni za a sallama." Na roƙa a sanar da wani daga cikinku. Wani matashi mai rataye da kati a wuya ya leƙo, ya ce doka ce, ya koma. Sai na zauna a gindin darbejiyar bakin hanya tare da wasu tsofaffi mata guda biyu, ɗaya daga Sisawa, ɗaya daga wajen Rabah. Da munka gaisa sai na gane dukkanmu abu guda ya zaunar da mu. Kakanni ne, kowacce jikanta na fari ne a ciki.

Ina tambaya, ranka ya daɗe: wa ya rubuta dokar nan, kuma a wane gari ya girma?

Na biyu, abin da ya faru a ciki. Wanga Hauwa da Habsatu sunka gaya mani, kowacce daban, kuma maganarsu ta zo ɗaya.

Saratu ɗiyar fari ce. Ban yi zaton zan buƙaci yi wa kwamitin da ke zaune a Wurno bayanin mi wannan ke nufi ba, amma tunda abin ya kai ga haka, zan yi. Hauwa ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba tun ranar da anka raɗa mata shi. In za ta ambace ta sai ta ce "ta Gwaggo". Ba ta yabonta, ba ta yi mata wasa gaban mutane, ba ta tsaya mata a magana. Haka uwarta ta yi wa nata na farin a Rimawa, haka tamu uwar ta yi wa babban wanmu. Saboda haka ne ake ba gwaggo ko kaka riƙon ɗan fari, don ya samu bakin da zai yi magana dominsa. Lokacin da Saratu ta yi ƙyanda tana ƙarama, Hauwa ba ta shigo ɗakina ta ɗauke ta ba ko sau guda. A bayan zana take tsayawa, tana kallona, in na girgiza kai alamar ba sauƙi tukuna ta koma. Amma tuwonta haka yake kwana a kwano ba ta taɓa ba, har ranar da zazzaɓin ya sauka. Wannan ita ce matar da kunka zaunar gaban manyan maza da mata baƙi, da ɗiyar a gefenta, kunka ce ta faɗi sunan yarinyar da abin da ta fi ƙwarewa a kai.

Ta ja mayafi ta rufe baki. Anka maimaita. Ta dubi ƙasa. Wata daga cikinku ta ce mata, "Baiwar Allah, ba ɗiyarki ba ce?" Sai ta ba da amsar da kowace uwa a ƙasar nan za ta bayar: "Ai wagga ba tawa ba ce, ta Gwaggo ce." Da anka zo kan Habsatu kuwa, bakinta ya buɗe, don babu kunya tsakaninta da ta biyu. Ta ba ku labarin surutunta har anka yi dariya.

Sannan kunka juya kan Saratu, kunka ce ta miƙe ta faɗi dalilin da ya sa ta cancanci zama a ajin. Wato ta yabi kanta, a tsaye, gaban uwar da take jin nauyi, gaban manya. Habsatu ta ce yayarta ta miƙe, ta daɗe tana murza bakin hijabinta, kuma ta ga leɓenta ya fara motsi daidai lokacin da anka ce a shigo da na gaba.

A takardar da kunka aiko an rubuta dalili biyu: yarinya ba ta da ƙarfin halin magana, kuma gida ba ya nuna goyon baya. Da baƙi ne daga wata ƙasa sunka rubuta haka, da na shimfiɗa masu tabarma na yi masu bayani a hankali, ba tare da fushi ba. Amma ku ɗiyan ƙasar nan ne. Ranka ya daɗe, ban san gidanka ba, ba zan yi shaidar abin da ban sani ba. Sai dai ina da yaƙinin cewa a cikin ku da kunka zauna a teburin nan, akwai wanda uwarsa ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma bai taɓa shakkar ƙaunarta ba. Ya ji abin da Hauwa ta ce, ya gane, ya yi shiru anka rubuta ƙarya. Wannan shirun ne ya fi yi mani ciwo.

Na uku, maganar shirun Saratu a aji.

Ba zan musa ba, yarinyar nan ba ta da magana. Tun tana ƙarama haka take. Ba ta ɗaga hannu, ba ta shiga gardama, in yara sun yi yawa sai ta ja gefe. An gaya mani cewa a bana kun kawo sabon tsari, wai daga wata bita anka kwaso shi, inda ake ba da maki mai yawa ga yawan magana a aji da saurin amsa. Ban ga tsarin da idona ba. Abin da na gani shi ne sakamakonta: a lissafi da kimiyya, inda ake ba ta takarda da lokaci, tana cikin na sama. A inda ake ƙirga ɗaga hannu, tana can ƙasa. Da anka haɗa sai ƙasan ya janyo saman.

Bari in gaya maku yadda kanta ke aiki, tunda ba ku bar ni na faɗa ranar da ya kamata ba. Ina koya wa manyan ɗalibaina rabon gado, wanda kowa ya san shi ne wurin da ya fi wuya a karatunmu. Saratu na zaune tana tsince shinkafa, ba wanda ya sa ta cikin darasi. Wata rana na kawo mas'alar gona da magada masu yawa, inda rabo ke wuce asali sai an rage wa kowa. Matan sunka yi ta faɗi, wannan ta ce kaza, waccan ta ce kaza. Ita ko kai ba ta ɗaga ba. Washegari da na fito shara sai na tarar ta zana gonar a ƙasa da tsinke a bayan rumbu, ta yayyanka ta, ta jera ƙwayar wake a kowane yanki. Rabon ya fita daidai, kuma ta hanyar da ba ni na koya mata ba. Da na tambaye ta, a kunne ta ba ni bayani, kamar mai faɗin laifi. Haka take. Takan ɗauki tambaya ta kwana da ita, ta juya ta, sannan ta kawo amsa. In an ce sai ta amsa kafin malami ya rufe baki, to ba za a taɓa jin komi daga gare ta ba.

Adalci ne in ambaci malaminta na lissafi. Bawan Allah nan ya gane ta. Yakan ba ta tambaya ta tafi da ita ɗakin kwana, ya karɓa da safe. An gaya mani ba a kira shi zaman ba, kuma ba a nemi ra'ayinsa ba. In haka ne, kun yanke hukunci a kan yarinya bayan kun bar mutum biyun da sunka san ta, ɗaya a ɗakin malamai, ɗaya a bakin hanya.

Mu da munka yi karatun allo mun san makaranta wurin hayaniya ce, kowa na rera nasa. Amma malaminmu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa auna mu da ƙarfin murya ba. In lokacin biyawa ya yi, kowa zai zo shi kaɗai da allonsa ya durƙusa. Mai babbar murya a ce ya sassauta, mai ƙarama malam ya karkato da kunnensa. Dattijon da ba shi da kujera balle fanka ya iya karkato kunne ga yaro guda guda. Ku da anka tara maku zaɓaɓɓun yaran ƙananan hukumomi uku, 'yan kaɗan a aji, mi ya hana ku? Kuma kun san ƙissar annabin da ya roƙi Ubangijinsa a haɗa shi da ɗan'uwansa don ya fi shi sakin harshe. An haɗa su. Ba a karɓe aikin daga hannun mai nauyin harshen ba.

Na huɗu, kada ku zaci Habsatu kun yi mata daidai.

Wagga yarinya da baki take tunani. In ba ta faɗi abu ba, bai zauna mata ba. A gida takan jera ƙannenta da yaran maƙwabta ta koya masu abin da anka yi a aji, in sun gudu ta ci gaba da awaki. A makarantarku, ranakun da babu baƙi, surutun nan laifi ne. Ta sha durƙuso a rana don ta tambayi "don mi" bayan malami ya ce an wuce wurin. Na ga gwiwoyinta. Amma ranar da manya za su zo ziyara, ita ake cirewa daga darasi tun ana saura kwanaki, a ba ta jawabin Turanci ta haddace, a tsayar da ita gaban mutane a yi tafi. Darussan da ta rasa ba mai rama mata. Rubutunta ya lalace, lissafinta na tafiya da gaggawa da kurakurai, don ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce ta tsaya a kan abu guda mai wuya har ta ga ƙarshensa. Mai yi mata haka ɗaya ce, yayarta, a ɗakin kwana. Ita kuma Habsatu ita ke kai wa malamai tambayoyin da Saratu ta kasa furtawa. Yaran sun samo wa kansu dabarar da makaranta ba ta samo masu ba, ku kuma kun raba su.

Na biyar, abin da takardarku ta yi a gidanmu.

Saratu ce ta karanta ta, don ita ta fi kowa boko a gidan. A tsakar gida ta karanta, Hauwa na bakin murhu. Maganar rashin ƙarfin hali ba ta girgiza ta ba, ta saba ji. Da ta kai inda anka ce gida ba ya goyon baya sai ta ninke takardar ta ajiye. Yarinyar nan ta san uwarta. Ba ta taɓa ɗaukar kunyar nan a matsayin ƙi ba. Amma yanzu ga hukuma ta rubuta, ta buga hatimi. Bayan kwana biyu muna wanke-wanke sai ta ce mani, ba tare da ta dube ni ba, "Gwaggo, ko dai gaskiya sunka gani?" Shekarun da na yi ina riƙonta ban taɓa jin irin wagga tambaya daga bakinta ba. Ku kunka sa mata ita.

Tun ranar ba ta sake taɓa littafi ba. Habsatu kuwa ta tada gida. Ta ce wa ubanta da ya dawo, "Baba, ni aku ce da za a riƙe don baki? In ba a mayar da Yaya ba, wallahi sai dai a ɗaure ni a bayan babur." Umaru ya tsawata mata, amma daga baya ya same ni ya ce shi ma zuciyarsa ba ta kwanta da ya tura ɗaya ya bar ɗaya ba. Shi ma ba zai iya zuwa gabanku ya yi maganar ɗiyar fari ba, kunyar da ke kan matarsa tana kansa. Don haka in kun ga ni kaɗai ke ta kai da kawo, kada a sake rubuta cewa uban bai damu ba.

Ga abin da nake roƙo.

A dakatar da hukuncin nan kafin a koma makaranta, a bar wa Saratu ƙofa a buɗe. Ba na neman a cire yaron da anka ba gurbinta, shi ma ɗan wani ne, kuma bai yi laifi ba. Aji ba zai tsage don an ƙara kujera guda ba.

A sake zama, a kira malaminta na lissafi, a bar ni in shiga. In kuna son ku gwada ta, ku ba ta tambaya mafi wuya da kuke da ita, ku ba ta takarda da wuri mai shiru, ku dawo washegari. In ta kasa, ni da kaina zan riƙe hannunta mu koma Goronyo, ba za ku sake jin bakina ba.

A janye maganar nan ta cewa gida ba ya goyon baya, a rubuce, kamar yadda anka yi ta a rubuce. Wannan ko da ba ku mayar da ita ba. Haƙƙin Hauwa ne, kuma za a tambaye ku shi.

A gyara dokar ƙofa, ta yadda mai riƙon yaro zai shiga. A kuma bincika abin da ya samu jikokin tsofaffin nan biyu da munka zauna tare. Ban san sunayensu ba, ban san yadda tasu ta ƙare ba, kuma ba na jin suna da mai rubuta masu takarda.

A daina durƙusar da Habsatu don ta yi tambaya, a daina fitar da ita daga darasi don ta burge baƙi. A ba ta lokacin da za ta yi maganarta, a kuma ba ta aikin da zai zaunar da ita.

Ina roƙon Allah ya yi maku jagora, ya ba ku ikon komawa ga gaskiya in ta bayyana, ya shirya maku ɗiyanku, masu magana da masu shiru. Allah ya tsare ku daga ɗaukar haƙƙin yaro, don shi ba ya iya bin sawunsa a nan duniya. Allah ya sa ku gama da wagga kujera lafiya.

Jiya da la'asar na shiga ɗakin Hauwa ɗaukar turmi. Na tarar ta wanke kayan makaranta, ta goge su da dutsen guga na gawayi, tana jerawa a akwati. Kaya biyu ne, babba da ƙarami. Babban har ta sake mashi kalmasa, don mai shi ta ƙara tsawo a hutun nan. Da ta gan ni sai ta rufe akwatin, ta ce in duba mata ko hadari ne ke tasowa. Na ɗauki turmin na fita. Ranar komawa, in Allah ya kai mu, da akwatin nan za mu zo, da yaran duka biyu.

Wassalamu alaikum, daga mai jiran amsarku,

Hadizatu, gwaggon Saratu da Habsatu,
Goronyo.